Ƙugiyar jan ƙaramar tirela a bayan Sienna: ta walda ko ta kamfani?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da Toyota Sienna ƙirar 2008, 'yar Amurka, kuma ina noman rani a wajen Kura. Kuɗin hayar a-kori-kura ya ishe ni, shi ne na yanke shawarar a ƙera mini ƙaramar tirela mai taya biyu in riƙa ja da motar: taki, injin ban ruwa, buhunan amfanin gona, wani lokaci har da tankin ruwa mai lita 1,000. Wani mai walda ya ce cikin awa biyu zai lanƙwasa ƙarfe ya liƙa mini ƙugiya a bayan motar. Wani kuma ya ce in nemi ta kamfani. Wacce ta fi, kuma me da me zan haɗa da ita?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sa albarka a gona. Ni ma mai walda ne kafin in zama makaniki, kuma har gobe ina riƙe da abin walda, saboda haka ba raina sana'ar nake yi ba idan na ce maka kada ka bari kowa ya kai wuta jikin wannan motar. Ka nemi ƙugiyar kamfani mai ɗaurin noti, wadda aka ƙera don Sienna ta shekarun 2004 zuwa 2010. Amma kafin ka fitar da ko sisi, zauna mu yi lissafi, domin motar ce za ta faɗa maka abin da za ka ja, ƙugiya bin umarni kawai take yi.

Mutane da yawa suna auna wannan magana da ƙarfin inji. Su ce ai Sienna V6 ce, me zai gagare ta? Gaskiya ne, injin mai lita 3.5 zai tayar da tan biyu daga tsaye ba tare da ya yi tari ba. Ko yaro yakan tura kurar ruwa mai jarka goma sha biyu a shimfiɗaɗɗiyar hanya. Ka bar shi ya zo gangara, a nan za ka ga wanda ke tuƙa wani tsakanin shi da kurar. Haka mota da tirela suke. Abin da ke kashe mutane shi ne tsayawa, abin da ke kashe motar kuma shi ne zafin giya da kuma wurin da ƙugiyar ta kama.

Toyota ta ba wannan Sienna izinin jan fam 3,500, wato wajen kilo 1,580, amma ga wadda ta fito daga kamfani da ƙarin kayan sanyaya na jan kaya. Wadda ba ta da su adadinta bai kai haka ba, kuma littafin motar ya rubuta kowanne. Idan littafin ya ɓace a hanyar Kwatano, kamar yadda yakan faru, ana samunsa kyauta a intanet. Wannan adadi kuma ya haɗa da nauyin tirelar kanta, ba kayan da ke ciki kaɗai ba. Sai lamba ta biyu, wadda ta fi shafarka: littafin ya ce duk tirelar da ta haura fam 1,000 da kayanta, kusan kilo 450 ke nan, dole ta kasance da birkin kanta. Ko a Turai, inda aka ɗan sassauta, iyakar tirela marar birki kilo 750 ce.

To ɗauko biro. Tirelar da ake ƙerawa a nan gida da ƙarfen kwana da faranti mai kauri, mu ce ta kai kilo 350 babu komai a cikinta, kuma sau da yawa takan wuce haka don masu ƙira suna ganin nauyi shi ne ƙarko. Buhun taki kilo 50 ne. Buhu goma ya ba ka 500, jimla 850. Ka ga tun ba ka ɗora injin ban ruwa ba ka riga ka tsallake iyakar tirela marar birki. Buhun masara mai kilo 100 guda goma tan ɗaya ne cif, da tirela 1,350, ka kusa taɓa rufin abin da motar za ta iya baki ɗaya. Shi ya sa nake roƙonka, ranar da aka gama tirelar, ka kai ta kan babban sikeli irin na kamfanin shinkafa a auna ta babu kaya, ka rubuta nauyin da fenti a gefenta. Daga nan kullum lissafin buhu ne kawai.

Tankin ruwan nan ya fi komai damuna. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, lita 1,000 tan guda. Buhu idan ka ɗaure shi ya zauna ke nan, ruwa kuwa yana da nasa ra'ayin. Idan tankin rabi ne, ka taka birki sai ruwan ya ruga gaba ya doki bango ya tunkuɗa motar, ka sha kwana ya kwanta gefe ɗaya yana neman kifar da tirelar. Idan ba makawa sai ka ɗauki ruwa, ka nemi tirela mai birki da tanki mai lita 500, ka cika shi maƙil, ka kwantar da shi ƙasa-ƙasa a kan aksul, ka yi sawu biyu. Mai lita 1,000 ka bar wa tarakta ko Hilux mai tirela da birki.

Dalilin da na hana walda shi ne ginin motar. Hilux da Land Cruiser suna zaune a kan shasi mai kauri, kamar tsani kwance, bodi kuma a ɗora yake a sama. Sienna ba ta da wannan. Bodinta shi ne shasinta, faranti ne siriri da aka naɗe aka haɗa, ƙarfinsa a naɗin yake. Idan wutar walda ta taɓa shi, ƙarfen da ke kewaye da ɗinkin yakan yi rauni, maganin tsatsar da ke ciki ya ƙone, ruwan damina ya sami ƙofa. Ɗinkin da kansa ba zai karye ba, farantin da ke gefensa ne zai yage. An taɓa kawo mini wata Sharon da aka yi wa haka, an liƙa ƙugiya a ƙarfen da ke bayan bamba. Mai motar ya ɗauko janareto a tirela, ya faɗa rami a kan hanya, sai ya ji motar ta yi sakayau. Da na kwanta ƙarƙashinta na haska fitila, na ga wurin ya buɗe kamar gwangwanin madara da aka huda da wuƙa, bakin yagewar yana ƙyalli, ƙugiyar kuma tana can manne da tirela cikin kwalbati, waldarta lafiya lau. Allah ya tsare babu mai babur a bayansa. Ga kuma tankin mai da wayoyin kwamfutar mota da ba sa shiri da wutar walda.

Ita ta kamfani, idan ka leƙa ƙarƙashin bayan motarka za ka tarar da ramukan noti da Toyota ta riga ta tanada a jikin dogayen ƙarafan nan biyu na dama da hagu. A nan take ɗaurewa, nauyin ya rarrabu a wurin da aka gina don ya ɗauka. Ramukan sukan cike da laka da tsatsa, sai an wanke su da ƙaramin buroshin waya da mai har noti ya shiga da hannu kafin a sa sifana. Duba kan kowace ƙusa, za ka ga lamba: 8.8 ko 10.9 nake so, wadda kanta ba rubutu ko aka rubuta 4.6 ta ƙofar gida ce. A ɗaure da sifana mai auna ƙarfin ɗauri gwargwadon takardar ƙugiyar, a sake bi bayan tafiyar farko da kaya.

Ƙugiyoyin Amurka aji-aji ne. Na ɗaya fam 2,000, na biyu fam 3,500, dukansu bakinsu murabba'i ne mai inci ɗaya da kwata. Na uku, wanda za ka ga an rubuta Class III a jikinsa, bakinsa inci 2 ne kuma yana farawa daga inda na biyu ya tsaya. Shi nake ba ka shawara, don ƙarfensa ya fi kauri kuma kayan haɗinsa sun fi samuwa. Sai dai ka riƙe wannan da kyau: ko an rubuta fam 5,000 a jikin ƙugiyar, motarka ba ta ƙaru da ko kilo ɗaya ba. Mota tana da lambarta, ƙugiya da tata, sandar da ke shiga bakin da tata, ƙwallon ƙarfen da bakin tirela ke kifuwa a kansa da tasa, tirela da tata. Wadda ta fi ƙanƙanta a cikinsu ita ce iyakarka.

Idan ta hannu za ka saya a Ƙofar Ruwa ko Fanteka ta Kaduna, ka tafi da motar a gwada ramuka su dace ba tare da an faɗaɗa ko ɗaya ba. Ka nemi takarda ko farantin da ke ɗauke da lambobin nauyi. Ka ƙwanƙwasa bututun da guduma ka ji ko tsatsa na zubowa daga ciki, domin motocin da suka fito daga jihohin da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara sukan ruɓe ta ciki alhali waje na sheƙi da sabon fenti. Wadda ta lanƙwashe aka miƙar, ko aka yi wa ƙari da walda, ka bar musu kayansu ko kyauta ce.

Ga masu karatu da ke da motocin Turai, irin su Sharon da Golf da Peugeot da ke zuwa da ƙugiyarsu mai wuyan agwagwa, lissafinku ya fi sauƙi. A farantin lambar shasi akwai nauyi huɗu a jere. Na farko iyakar nauyin motar da kayanta, na biyu iyakar mota da tirela a haɗe, sauran biyun na aksul ɗin gaba da na baya. Cire na farko daga na biyu, abin da ya rage shi ne kimanin tirela mai birki da motar za ta ja.

Yanzu ƙwallo, wanda a nan ne ake yin kuskuren da ido ba ya gani. Kasuwarmu ta haɗa kayan Amurka da na Turai a tebur ɗaya. Na Turai milimita 50 ne. Na Amurka uku ne: inci 1 da 7/8, inci 2, da inci 2 da 5/16. Inci 2 milimita 50.8 ne, ya ɗara na Turai da ƙasa da milimita ɗaya. Inci 1 da 7/8 kuwa 47.6 ne, kuma shi ne mugun, domin bakin tirela mai 50 zai kifu a kansa, hannun ya rufe, ka ɗauka ya kama. Ranar da ka hau tudun rage gudu da sauri, sai ya tsallake. Ana buga girman a saman ƙwallon, ana kuma buga shi a jikin bakin tirelar, ka karanta duka biyun su zo ɗaya. Ka fara sayen bakin tirela na kamfani ka kai wa mai ƙira ya ɗaura, sannan ka sayi ƙwallon da ya dace da shi. Kada ka yarda da zoben rodi da aka zura wa ƙusa, irin na amalanken shanu. Bayan ka haɗa, sa jak a ƙarƙashin wuyan tirelar ka ɗaga. Idan bayan motar ya biyo shi sama, ya kama. Sannan ka zura fil ko kwado a hannun don kada ya buɗe. Ƙwallon yana son ɗan giris, kuma sandarsa tana tsayawa a bakin inci 2 da fil mai kaurin inci 5/8 da makullinsa. Ƙusa ba ta maye gurbin wannan fil.

Sienna gajeriya ce, bayanta kusa da ƙasa yake, ƙugiya kuma tana ƙara saukar da shi. A hanyar gona mai kwari da tudu za ka ji tana shara ƙasa. Don haka a auna tsayin ƙwallon da motar ɗauke da kayanta, a gina wuyan tirelar daidai da shi, yadda idan an haɗa za ta kwanta sambal, hancinta bai kalli sama ba. Sandunan ƙwallo akwai mai ɗagawa akwai mai saukewa, yawancin lokaci Sienna mai ɗagawa take so.

Yadda ka jera kaya ya fi tsadar ƙugiyar muhimmanci. Kimanin kashi ɗaya cikin goma na nauyin tirela ya kamata ya danna kan ƙwallon: idan duka kilo 800 ne, wajen 80 a hanci. Kaya kashi shida cikin goma a gaban aksul, huɗu a baya. Sikelin auna mutum na gida ya isa aunawa, ka ɗora guntun katako a kai ka tokare wuyan tirelar a tsayin ƙwallo. Idan hanci ya yi nauyi da yawa, bayan mota ya durƙusa, gaba ya ɗaga, sitiyari ya yi sako-sako, fitila ta haska saman bishiya. Idan ya yi sakayau kuwa, abin ya fi muni. Tirelar takan fara kaɗa wutsiya kaɗan-kaɗan da zarar gudu ya ƙaru ko babbar mota ta wuce ka, kowane kaɗawa ya fi na baya faɗi, har ta juya motar. Idan ka ji ta fara, kada ka danna birki, kada ka yi kokawa da sitiyari. Riƙe shi a miƙe, ɗage ƙafa daga totur, bari gudun ya mutu da kansa, ka sauka gefe ka matsar da buhuna gaba. Ka kuma tuna nauyin hancin yana cikin lodin motar. Ba a cika Sienna da mutum bakwai da buhuna a but sannan a rataya mata tirela.

Sarƙa biyu, kowacce mai iya riƙe tirelar ita kaɗai, a ɗaure su a kunnuwan da ke jikin ƙugiyar, a gicciya su ƙarƙashin wuyan tirela. Amfanin gicciyen shi ne idan bakin ya kuɓuce, wuyan ya faɗa a kan sarƙa kamar cikin majanyi maimakon ya caki kwalta. Su yi sakin da zai bari ka sha kwana, amma kada su ja ƙasa. Igiyar roba da sarƙar ɗaure kare ba sa cikin wannan magana.

Birkin tirela iri biyu ne. Na Amurka na lantarki ne, yana buƙatar ƙaramar na'ura a gaban direba da soket mai fil bakwai. Na Turai kuwa a wuyan tirelar yake: idan mota ta rage gudu, tirela ta tunkuɗo, wuyan ya shige ciki ya ja wayar birki da kansa. Ni na fi son na biyun ga manomi, domin ba ruwansa da lantarki, kowane makaniki zai gane shi, kuma yana zuwa da birkin hannu da wata siririyar waya da ke ɗaurewa jikin mota, wadda za ta finciki birkin idan tirelar ta rabu. Idan ka samu aksul da wuya na tsohuwar tirelar Turai a wurin masu kayan Kwatano, a gina bodin a kansu. Wannan shi ne wurin da ya cancanci ka kashe kuɗi. Idan ba ka samu ba, to ka yarda da ƙaramar tirela mara nauyi wadda ita da kayanta ba za su haura kilo 450 ba.

Fitila dole ce: ta birki, ta sigina, ta dare, da abin ƙyalli ja a baya da gefe. Tirela marar fitila da magariba a kan hanyar Kano zuwa Zariya tarko ce ga wanda ke binka, kuma jami'an kiyaye haɗurra suna da gaskiya idan sun tsayar da kai. Kada mai wayarin ya feƙe wayoyin fitilar baya ya murɗa ya naɗe da salatif. Akwai wayarin da aka yi wa Sienna, mai shiga soket ɗin fitila kai tsaye, da ɗan akwatin da ke daidaita sigina da birki, da fis nasa. Soket ɗin Amurka na ƙananan tireloli fil huɗu ne a jere, na Turai zagaye ne mai fil bakwai ko goma sha uku, ka zaɓi ɗaya a yi duka ɓangarorin da shi. Mafi yawan fitilar tirela da ke wasa, wayar as ce, wato wadda ake ɗaurewa a jikin ƙarfen bodi, ba ta kama ƙarfe mai tsabta ba. Ka kuma leƙa ofishin lasisi kan takardu da lambar tirelar kafin ka hau babban titi.

Giyar otomatik ba ta da maƙiyi kamar zafi, ga shi aikinka na rani ne, lokacin da Afrilu ke haura digiri 40. Kafin ka fara, a duba man giya: ja mai haske lafiya, baƙi mai ƙaurin ƙuna a canja. A wanke lagireto, a tabbatar fankoki biyun suna tashi, a sa ruwan sanyaya na gaske. Idan jan zai zama na kowane mako, a ƙara ɗan lagireton man giya a gaba, kuɗinsa bai wuce kashi kaɗan na kuɗin giya ba. Da kaya, ka sa giya a 4 maimakon D don ta daina hawa da sauka, a gangara kuma ka sauko 3 ko 2 inji ya riƙe, kada birki ya ƙone.

Tayar tirela kuma kada a ɗauko wadda mota ta gaji da ita. Lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT da ke gefen taya su ne mako da shekarar ƙira, 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Wadda ta haura shekara shida, ko gefenta ya tsattsage, ba ta ɗaukar taki a zafin kwalta. Ka riƙe safaya da jak da sifanar da ta dace da notin tirelar, da bel mai ƙarfe na ɗaure kaya, da guntayen katako biyu na tare taya. Bayan tafiyar minti ashirin ka tsaya ka taɓa cibiyar tayar da bayan hannu. Ɗumi ba komai, idan ta ƙona ka boris na neman giris.

Abu ɗaya da zan roƙe ka saboda Allah: kada ka ɗauki 'yan ƙwadago a cikin tirelar, ko da daga bakin titi zuwa gona ne. Na san za su roƙa, na san za ka ji nauyi. Ba kujera, ba abin riƙewa, rami ɗaya ya isa ya wurgar da mutum.

Ranar da aka gama haɗawa, kada ka fara da kaya. Nemi filin makaranta ranar hutu, ka jera jarkoki, ka koyi shan kwana da faɗi don tayar tirela takan yanke ta ciki. Wajen ribas ka sa hannu a ƙasan sitiyari, inda hannunka ya nufa can tirelar za ta nufa, a hankali, idan ta fara naɗewa ka yi gaba ka miƙe ka sake. Sannan ka ɗora buhu huɗu, ka taka birki a gudun 30 ka ji yadda nisan tsayawa ya ƙaru. A kan titi kada ka wuce 70, ka ninka tazarar da ka saba bari tsakaninka da na gaba. Idan ka auna tirelar, ka aiko mini da nauyinta da hoton takardar da ke manne a jikin ƙofar direba, in lissafa maka buhu nawa za ka riƙa ɗauka a sawu ɗaya.